Yadda Sunana Ya Shiga Littafin Kwamitin Zakka a Agege

Masallacin da nake salla a Agege yana da kwamitin zakka da ciyarwa. Ba wata babbar ƙungiya ba ce mai allo a bakin titi ko mota mai rubutu a jiki. Ɗaki guda ne a makarantar Islamiyyar da ke bayan masallaci, da manyan littattafai biyu, da wasu dattawa da 'yan agaji masu yin aikin bayan kowa ya tashi daga kasuwarsa. A shekarar 2024 na bi ta hannunsu, tun daga cike fom har zuwa karɓar jari. Na san magidanta da yawa a cikinmu nan Legas da tukunyarsu kan kwana ba ta hau wuta ba, amma tsoron tonon asiri ya hana su ƙwanƙwasa wannan ƙofar, don ba su san abin da ake yi wa mutum in ya shiga ba. Saboda su nake ba da labarin nan.

Ni mai shayi ne. Daga ƙasar Haɗeja na zo da takardar sakandare a jaka, na fara da wankin kofi a teburin wani ɗan garinmu, har Allah Ya nufa na kafa nawa ta wajen iyakar Agege da Ikeja. Da teburin nan na yi aure, da shi nake biyan hayar ɗaki, da shi nake aika wa tsohuwata na cefane. Galibin masu zama a bencina 'yan acaɓa ne, sai masu gadi da 'yan dako. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba ta ƙara huɗu. Agege ba ta ciki, amma fasinja mai kuɗi yana wajen Ikeja ne. Aka riƙa kama babura ana niƙewa. Wasu suka koma gida, wasu suka gangara jihar Ogun, benci ya fara yin fili. Sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mutum ya sha shayi ya ce zai yi taransifa, taransifa ta maƙale a hanya. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki.

Jarin mai shayi ba rana ɗaya yake karyewa ba. Za ka sayar da kiret ɗin ƙwai, ka haɗa uwar kuɗi da riba ka koma wajen mai ƙwai, a ce maka sai ka yi ciko. Daga katan ɗin Indomie ka koma rabi, daga rabi ka koma ƙirgen guda goma. Gwangwanin madara ya koma 'yar leda. Masu cewa "haɗa min kauri, soya min biyu da ƙwai biyu" suka koma ruwan bunu da rabin burodi, rabin ma a rubuta. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, buhun shinkafa ya wuce naira 70,000, har mata masu gurasa a Kano suka fito zanga-zanga kan kuɗin fulawa. A lokacin mai kawo min burodi ya daina tsayawa a teburina saboda bashinsa ya taru. Mai shayin da ba shi da burodi a Agege kuwa, ya tashi daga aiki.

Akwai abin da wanda bai zauna Kudu ba zai yi wuya ya gane. Bahaushen da yunwa ta kama a Legas, ba kowa ke ganinsa ba. A gida mutumin Legas ake ɗaukarka. Waya za ta shigo, "kai da kake Legas", an yi haihuwa, an kwantar da wance a asibiti, ana neman kuɗin taki, kai kuma ba ka iya buɗe baki ka ce garin kwaki yaranka suka jiƙa jiya da daddare. A nan kuma baƙo ne kai, duk da cewa Hausawa sun kafa zango a Agege tun zamanin fataucin goro. In ana rabon tallafi a mazaɓa, sai an gama kake ji. Hatta attajiranmu na kasuwa, da yawansu in sun fitar da zakka gida suke aikawa, a raba a ƙofar gidan mahaifi. Can ba a lissafa ka cikin mabuƙata, nan ba a san da zamanka ba.

Ba ni na kai kaina ba. Mai ɗakina tana zuwa Islamiyyar matan aure Asabar da Lahadi. Malamarsu ta lura ta daina kawo kuɗin wata, ta kuma ga yadda yaron da take goyo ya rame. Ita ta kai maganar ga shugabar mata ta kwamiti, ita kuma ta kai wa Liman. Wata asuba bayan an sallame ina laluben takalmina, ladan ya taɓa ni ya ce Malam yana son ganina. Na same shi zaune a gaban sahu, jama'a sun watse.

"Malam mai shayi, kwana biyu ba na jin ƙamshin ƙwai in na wuce. Lafiya dai?"

"Allah gafarta Malam, sai godiya. Kasuwa ce ta ɗan yi sanyi."

"Sanyi ta yi, ko tsayawa ta yi?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗana, ba roƙo na kira ka ka yi ba. Allah Ya ce a cikin dukiyar masu hali akwai hakki sananne na mai roƙo da na wanda ya rasa. Abin da ke ɗakin can ba kyautar Alhazai ba ce, hakkin mutane ne aka ba mu ajiya. In naka yana ciki ka ƙi zuwa, ka bar mu da nauyi." Ya kuma karanto min ayar Suratul Baƙara mai maganar waɗanda wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Ya ce irin waɗannan su ne suka fi ba kwamiti wahala, don mai bara kowa ya san inda yake zama, mai kunya kuwa sai an bi sawunsa.

Ranar Lahadi bayan la'asar na je ɗakin. Sakataren kwamiti malamin makaranta ne, haifaffen Agege, Hausa da Yarabanci duk sun zauna a bakinsa. Shi ke karanta tambaya, shi ke rubutawa, ko ka iya rubutu ko ba ka iya ba, don kada a bambanta mutane. Suna, garin asali, lambar waya, lambar gida da sunan layi, katin zaɓe ko takardar NIN. Mutum nawa ke ci a tukunyarka? Yaushe kuɗin haya zai ƙare? Akwai mara lafiya? Yara nawa ke makaranta, nawa aka koro? Akwai wata ƙungiya ko wani ɗan'uwa da ke ba ka wani abu duk wata? Sannan shaidu biyu, ɗaya daga masu jam'i a masallacin, ɗaya maƙwabci ko abokin sana'a, kuma kada ya zama ɗan'uwanka na jini.

Duk waɗannan na amsa ba gargada. Da ya zo kan bashi sai harshena ya yi nauyi. Ya ajiye biro ya ce, "Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Abin da ka ɓoye mana, ba za mu iya sauke maka shi ba." Ya gaya min dole ne ya tambayi a kan me aka ci bashin, domin bashin abinci da magani da haya daban, na shagon caca daban. Na ciro littafin teburina daga aljihu, ɗan littafin makaranta da mai da ruwan shayi suka rine bangonsa. Daga gaba sunayen waɗanda nake bi, daga baya waɗanda ke bina: mai burodi, mai ƙwai, mai kemis, da Iya mai gidanmu. Ya danna lissafi a wayarsa ya juyo min da ita. Abin da nake bin mutane ya fi abin da ake bina. Sai dai masu sunayen gaban nan, wani yana Gwoza, wani yana ƙauyensu a Zamfara, wani tun da aka niƙe babur ɗinsa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Sakatare ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya kwafe na bayan kaɗai.

An ce min za a zo gida, ba a faɗi rana ba. Wannan ya fi komai tsaya min a rai, domin gidanmu irin na Legas ne: ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki ɗaya, madafi ɗaya, in ka yi tari maƙwabci ya ji. Na zaci 'yan agaji ne za su zo cikin kaki da takardu a hannu, layi duka ya fito kallo. Sai ga su bayan isha'i, maza biyu da Hajiya shugabar mata, cikin kayan gida, ko biro babu a fili. Iya mai gida ta leƙo ta ce, "Malam, baƙi ka yi?" Hajiya ta gaishe ta da Yarabanci, ta ce ƙanwarta ta zo dubawa, ta wuce ciki.

Mazan suka zauna da ni a dakalin waje. Wanda ya gan mu zai ce hirar duniya muke, amma a cikin hirar suka ji nawa ne hayar ɗakin, wata nawa ake bina, kuma a ina kayan teburina suke yanzu. Abin da ya faru a ɗaki, bayan sun tafi mai ɗakina ta ba ni labari. Ta ce Hajiya ta zauna a bakin katifa, ta karɓi yaron, ta ja fatar idonsa ta duba, ta duba tafin hannunsa. Ta tambayi me yara suka ci da safe, me suka ci da rana, me za su ci yanzu. Sannan ta nuna bokitin da muke zuba shinkafa ta ce, "'Yata, kin ba ni izini in buɗe?" Ta ɗaga murfi. Babu komai a ciki sai gwangwanin awo. Ta mayar da murfin ba ta ce uffan ba. Da za ta fita ta ciro ledar gari da ƙullin sukari da ƙuli-ƙuli daga jakarta ta ajiye a bayan ƙofa, ta ce wannan nata ne, ba na kwamiti ba.

Na sha jin masu cewa binciken gida wulaƙanci ne, a ba mutum don Allah kawai a bar shi. Na fahimce su, don ni ma da nauyin abin na kwana. Amma inda ba a bincike, mai baki da mai ƙarfin kutsawa ne ke kwashewa, tsohuwar da ke kwance a ɗaki ta tashi a tutar babu. Kwamitin sun gamu da wanda ya yi rajista a masallatai daban-daban, da wanda ya ba da adireshin shagon da ba nasa ba. A ganina binciken wajibi ne, in dai za a yi shi yadda aka yi mana: mace ta shiga wajen mace, a zo da dare, a nemi izini kafin a taɓa murfin bokitin mutum.

Daga nan sai shiru, kuma nan ne zan ce kwamiti su gyara. Mai yunwa in ka ce masa "za ka ji daga gare mu" ba ka sa masa rana ba, duk ƙarar da waya ta yi sai gabansa ya faɗi. A cikin shirun nan surutu ke yaɗuwa, wai sai mai uwa a gindin murhu, wai mutanen jiha kaza ne suka cika littafin. Ni ba ni da kowa a cikinsu kuma sunana ya fito, amma rashin bayani ne ke haifar da zargi, kuma bayani ba ya cin kuɗi. A kwanakin ne aka yi turmutsutsu a Yaba, wajen sayar da shinkafar kwastam mai rahusa, buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000, mutane suka rasa rayukansu. Da ina da dubu goman a ranar, da ina cikin layin nan.

Sai daga baya na gane abin da suke jira: kuɗi ne bai gama shigowa ba. A Arewa akwai hukumomin gwamnati masu wannan aiki, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da Hukumar Zakka da Wakafi ta Sakkwato. A Legas aikin yana hannun ƙungiyoyi irin su NASFAT da Ansar-ud-Deen, da kuma masallatan unguwa irin namu. Ba mai tilasta wa kowa. Dattawan kwamiti ne ke bin fataken shanu a Oko-Oba, da 'yan gwari na Mile 12, da masu goro da 'yan canji, suna tuna musu cewa duk wanda dukiyarsa ta kai nisabi, wato kimar miskali 20 na zinariya, kusan giram 85, ta kuma shekara a hannunsa, akwai ɗaya bisa arba'in a cikinta da ba nasa ba. Mafi yawansu a Sha'aban da Ramadan suke fitarwa. Wata Juma'a Liman ya yi huɗuba a kan hukuncin da ke mazhabarmu ta Malikiyya, cewa asali ana raba zakka ne a inda dukiyar take ko kusa da nan, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in na can sun fi tsananin buƙata. Ya ce bai hana kowa tuna gida ba, ya san halin da ake ciki a ƙauyukanmu, amma wanda ya tara dukiya a Agege ya sani ɗan dakon da ya ɗauki kayansa a ka yana da rabo a ciki. Ina sahun baya, na ji maganar har cikin ƙashina.

Littattafai biyun da na ambata, ɗaya na zakka ne, ɗaya na sadaka, kuma ba a haɗa su. Na zakka ba ya fita daga mutum takwas ɗin aya. Na sadaka, wato abin da ake jefawa a akwatin Juma'a da buhunan da masu hali ke kawowa, shi ne na ciyarwa, kuma ba a tambayar addini ko yare a kansa. A gidanmu akwai wata bazawara Kirista mai 'ya'ya uku, mijinta direban motar haya ta danfo ne ya rasu. Hajiya ta lura da ita daren da suka zo, ta tambayi mai ɗakina halin da take ciki. Ita ma sunanta ya shiga.

Ana saura 'yan kwanaki azumi, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, wani ɗan agaji ya zo ya miƙa min ɗan kati cikin musafaha. Babu suna a jiki, lamba ce kawai da rana da lokaci. Kashi-kashi aka raba mu, kowane rukuni da sa'arsa, kuma ta ƙofar bayan Islamiyya ake shiga. Ban tarar da layi ba. Mutum kaɗan ne zaune a bencin ɗalibai, kowa ya kafa ido a ƙasa. Na ga wanda ban taɓa zaton zan gani a wajen ba, shi ma ya gan ni, muka gaisa a taƙaice, har yau ba wanda ya tayar da maganar a cikinmu.

Awon Legas ake yi, da robar fenti da derika, wato gwangwanin awo, kuma gwargwadon bakin da ke gidanka. Ɗan agajin ya duba lambata a littafi, ya cika roba da shinkafa ya share bakinta da tafin hannu, ya juye, ya sake cikawa. Sai wake, sai garin kwaki, sai gero na kunu, da sukari da man gyaɗa da ɗan manja a gora. A tsohon buhu aka zuba, wanda ba tambarin kowa a jiki, in ka ɗauko shi a ka sai a ce daga kasuwa kake. Tsofaffi da mata masu takaba, gida ake kai musu a keke. Ina wajen wani yaron Alhaji ya ciro waya zai ɗauki hoto, ya ce maigidansa yana son ganin inda kayansa suka shiga. Ma'aji ya ce masa ya ɗauki buhuna, ya ɗauki littafi in yana so, amma ban da fuskar mutum, domin Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yaron ya mayar da wayarsa aljihu.

A watan Maris ɗin nan, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tashin farashin abinci ya kai kashi 40 cikin 100. Gwamnatin Legas ta Babajide Sanwo-Olu ta buɗe kasuwannin abinci na Ounje Eko na ranar Lahadi da rangwamen kashi 25. Abu ne mai kyau, ya taimaki mutane, amma rangwame na mai kuɗi a hannu ne. A cikin azumin kuma aka yi wani turmutsutsun a Bauchi wajen rabon sadakar kuɗi, aka rasa rayuka. Mu dai da buhun nan muka yi sahur da buɗa baki, a tsakiyar wata aka ƙara mana, daren salla kuma aka kawo zakkar kono.

Bayan salla aka kira ni maganar jari. A nan ne na ga tambaya. Liman yana gefe, ga Alhazai uku 'yan kasuwa, kowanne ya san kuɗi ciki da bai. Kofi nawa kake fitarwa a gwangwanin madara? Nawa ne ribarka a burodi guda? Nawa kake cirewa kullum ka kai gida? Kananzir kake amfani da shi ko gas? Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai goro, ya karɓi littafin teburina yana buɗawa shafi-shafi yana girgiza kai.

Suka yanke abu uku. Bashin mai burodi da mai ƙwai da mai kemis za su biya da hannunsu, a gabana. Haka aka yi, kuma mai ƙwai, wata Bayarabiya da muka daɗe muna ciniki, da ta ji daga ina kuɗin ya fito sai ta yafe wani kaso. Na haya rabi suka iya biya, suka roƙi Iya ta ɗaga min ƙafa a kan sauran. Jari kuma ba kuɗi za a damƙa min ba. Liman ya bayyana min cewa zakka mallakata ce tun daga lokacin da aka ware ta da sunana, ba rance ba ce, ba wanda zai zo ya ce in biya. Amma suna neman in wakilta su su saya min kaya da ita, domin sun ga yadda kuɗi ke narkewa a hannun mai lalura kafin ya isa kasuwa. Na ce na wakilta. Washegari muka shiga kasuwa da ɗan agaji, aka sayi katan-katan na Indomie, da madara da sukari da ganyen shayi da kiret na ƙwai, da ƙaramar tukunyar gas.

Na ukun ne muka ja. Mai goro ya ce sharaɗinsa guda ne, in daina ba da bashi. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron da ya wuni yana tura baro bai samu komai ba, ya zo ya zauna a bencina ƙarfe goma na dare, in ce masa me?"

Ya ce, "Ka ce masa jarin nan na 'ya'yanka ne. Kai da idonka ka ga inda bashi ya kai ka."

Na ce na gani, amma teburin mai shayi shi ne madafin wanda ba shi da mata a Legas, in na kore shi ba shi da wajen zuwa. Ɗakin ya yi shiru. Liman ne ya raba gardama. Ya ce in ware wani abu ƙayyadadde kullum, kofi kaza da burodi kaza, gwargwadon abin da ribar ranar za ta ɗauka. Wanda ya zo ba shi da shi, in ba shi daga nan, kada in rubuta, kada in jira biya. In ya ƙare, ya ƙare. Ya ce abin da ba zan iya yafewa ba kada in bayar. A kan haka nake har yau, kuma ya fi min kwanciyar hankali a kan littafi cike da sunayen da ba za su dawo ba.

Duk ƙarshen wata ɗan agaji kan zo ya sha shayi da kuɗinsa ya duba lissafina. Ba zan ce na yi arziki ba. Kafin shekarar ta fita litar fetur ta haura naira 1,000, komai ya sake tashi, akwai makon da sai na taɓa uwar kuɗi. Amma tebur bai sake tsayawa ba, yaran sun koma makaranta, na ƙarasa biyan Iya. Cikin waɗanda aka ba mu jari tare akwai wanda rashin lafiyar matarsa ta cinye nasa ƙarƙaf; ba a kunyata shi ba, littafin ciyarwa aka mayar da sunansa. A Disambar 2024, cikin mako guda, aka yi turmutsutsu wajen rabon abinci da kyauta a Ibadan da Okija da wani coci a Maitama ta Abuja, a Ibadan kaɗai yara 35 suka rasu. Masu rabon nan alheri suka nufa. Tun daga lokacin na daina jin haushin jinkirin kwamitinmu da katinsu mai lamba, ko da yake har yanzu ina nan a kan bakana cewa su riƙa sa wa mutum rana.

Abin da ya rage yana damuna shi ne waɗanda fom ɗin nan ba ya iya kamawa. Ni ina da ɗaki, ina da lambar gida, ina da matar da ke zuwa Islamiyya har aka lura da ita. Yaran da ke zama a bencina da daddare fa? 'Yan baro da 'yan garuwa da masu wankin takalmi da 'yan gwangwan, waɗanda ke kwana a barandar shago ko a harabar masallaci ko ƙarƙashin gadar Pen Cinema, ba su da adireshin da za a je dubawa, ba su da tukunyar da za a zuba musu ɗanyar shinkafa, wasunsu ko katin shaida babu. A azumi suna samun kunu da ƙosai a ƙofar masallaci, daga salla shi ke nan. Su ma a gida kallon mutanen Legas ake yi musu, kuma kowannensu akwai mai jiran aikensa.

A taron da kwamiti ke kira na waɗanda suka karɓi jari, na ɗaga hannu na faɗi wannan. Ma'aji ya ce sun sani, amma in aka cire sharaɗin adireshi ba su da hanyar tantancewa, kuma abin da ke shigowa bai ishi waɗanda ke littafi ba ma. Na ce kowace sana'a a cikinsu tana da shugaba, ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya yi ciniki da wanda bai yi ba, a karɓi shaidarsa a madadin adireshi. Kuma su dafaffe suke buƙata, ba ɗanye ba. Akwai mu masu shayi da mata masu tuwo a unguwa da kwamiti ya riga ya sani. A ba yaro kati ya zo ya ci a wajenmu, ƙarshen mako mu kai katunan a biya mu. Mai goro ya ce lissafin zai yi wuyar riƙewa, sai an sami mutum guda da zai tsaya a kansa. Liman ya ce a gwada da 'yan baro tukuna, mutum kaɗan, a ga yadda za ta kaya. Sakatare ya rubuta, aka tsayar za a fara kafin azumi mai zuwa, in abin da ke littafin sadaka ya kai.